Kafaɗar Mamman Mai Birgi

Samarin da ke zama a bencin ƙofar gidana da la'asar sun ɗauka ɗori ba wani abu ba ne. Suna ganin an shigo da mutum yana ihu, can kuma su ga ya fita yana godiya, sai ɗayansu ya ce, "Baba, ai ja ne kawai da ɗauri. Ka koya mini kafin Sallah." Ba na yin fushi, abin da idonsu ya gani ke nan. Dominsu nake rubuta wannan, da duk wanda zai riƙe wannan sana'a a Yelwa bayan ƙasa ta rufe mana ido.

Ni maɗori ne, ɗan maɗori. Mahaifina ya miƙa mini kayan aiki a shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, lokacin da hannuwansa suka fara rawa. Kayan ba su da yawa: tsagen tukurwa da aka fere aka goge, farin ƙyalle, igiyar rama, man kaɗe, tukunyar ruwan zafi, sai tabarma. Kwando ɗaya ya ishe su. Amma kafin ya yarda in taɓa ɗan Adam, sai da ya ajiye ni shekaru a rumfar mahauta ta kasuwa. Aikina in karɓi kafaɗar akuya ko ta rago, in rufe ido, in bi ta da yatsa har in gane inda kowane ƙashi ya haɗu da ɗan'uwansa. Mahauta suna yi mini dariya. "Ɗan maɗori, ka gama gaisawa da ita? Mai saye na jira."

A nan na san kafaɗa. Kan ƙashin hannu dunƙulalle ne kamar gindin tulu, mazauninsa kuwa ɗan faifai ne marar zurfi. Abin da ke riƙe shi wani zoben guringuntsi ne da ya kewaye bakin faifan, kamar gammon da mace ke ɗora tulu a kai. Muddin gammon na nan, sai ka wurga hannu duk inda kake so. In ya yage, tulu ya rasa wurin zama.

Masu zuwa wurina iri-iri ne. Akwai manoman shinkafa na Shanga da shanun huɗa suka ture, da matan da suka zame a bakin rijiya, da 'yan kabu-kabu, waɗanda tun da babura suka yawaita a garin nan ba su bar ni na huta ba. Karaya ta kowa ce. Kafaɗa kuwa ta masunta ce, musamman masu birgi, wato tarun nan mai dalma a baki da ake jefawa da hannu ya buɗe a sama ya rufto kan kifi. Mutum ya yi shekaru yana wurga nauyin nan daga bayansa zuwa gabansa, wata rana gammon sai ya gaji.

Wata safiya ta kaka aka shigo mini da Mamman daga wani gungu, wato tsibiri, da ke ƙasa da mu, wajen Ngaski. Saurayi ne dogo mai faɗin ƙirji, a yankinsu ba wanda ya kai shi jifa. Ya tallabo hannun damansa da na hagu, kafaɗar ta zube, inda ya kamata a ga tudu sai rami. Gumi na tsiyaya daga haɓarsa amma bai yi ƙara ba. Na kwantar da shi a tabarma, na gasa wurin da ruwan zafi, na shafa man kaɗe. Daga nan na riƙe wuyan hannun na fara ja a hankali, ina tambayarsa labarin ruwa, wane kifi ke tasowa yanzu, wa ya sassaƙa masa jirgi. Wannan hirar ita ce rabin aikin, ita ce samari ba su gani. Naman kafaɗa in ya tsorata yakan ƙanƙame, ko mutum huɗu ba sa iya jan shi. Sai mai ciwon ya manta da kai ya shiga ba ka labari, naman ya saki. Mamman na cikin faɗa mini girman wata giwan ruwa da ta kuɓuce masa, na juya hannun waje kaɗan, sai muka ji ƙwas, kafaɗar ta koma.

"Malam, ka gama?" in ji shi.

"Na gama nawa. Saura naka, ka huta da birgi."

Bai huta ba. Ba kuma na ganin laifinsa, domin a lokacin ya yi sabon aure. Matarsa Hajo baƙa ce siririya mai fararen idanu, in ta yi murmushi sai ka ga kamar an buɗe taga a ɗaki mai duhu. Shi ya gan ta a bakin ruwa tana wanki, ya yi ta kewaya wurin da jirgi ba kifin da yake nema, har iyayenta suka gane suka ba shi. Mai irin wannan mata ba ya zama a gida ya bar tukunyarta ba kifi.

Kafaɗar ta sake fita kafin damina. Ta kuma fita. Daga baya har ba ta jiran birgi, in ya miƙa hannu zai sa riga sai ta goce, in ya ɗaga hannu a kabbara sai ta goce. Kowane zuwa mayar da ita na ƙara sauƙi, wannan sauƙin kuwa shi ne mugun labari. Ranar da ta koma da taɓawa ɗaya na zaunar da shi na ce, "Mamman, ƙashinka lafiya lau. Guringuntsin ciki ne ya yage, hannuna kuwa ba ya shiga ciki. Zan yi ta mayar maka har in mutu, amma ba zan iya sa ta zauna ba." Ku riƙe wannan, ku masu son koyo. Maɗorin da bai san inda hannunsa ya tsaya ba, shi ke sa a yanke wa mutane ƙafa.

Akwai wani abokina na ƙuruciya, Malam Bala, ma'aikacin jinya ne a wani babban asibiti a birni. Da ya zo gida hutu na kai masa maganar. Ya ce an yi dace, wasu likitoci baƙi za su zo asibitinsu aikin taimako, cikinsu akwai mai gyaran gaɓoɓi ba tare da an tsaga mutum ba. Ya zauna a zaurena ya bayyana mini yadda ake yi. Ana huda kafaɗa ƙananan huji, a zura wani siririn ƙarfe mai fitila da ido a bakinsa, cikin gaɓar ya fito a talabijin kamar ɗaki. Ta sauran hujin a zura kayan aiki masu kaurin tsinken tsire, a kankare bakin ƙashin, a kafa wasu 'yan ƙusoshi masu zare, a jawo guringuntsin da ya yage a ɗinke shi a mazauninsa. Na daɗe ina jinjina abin. Wurin da na yi shekaru ina lalube da yatsa ta bayan fata, ga wani zai shiga da fitila.

"Amma ka ji inda matsalar take," in ji Malam Bala. "Zaren ba shi ne waraka ba. Riƙewa kawai yake yi kafin nama ya kama ƙashi, kuma naman nan ba ya sauri. Hannun zai zauna a ƙirji makonni, birgi kuwa sai bayan watanni. In ya yi gaggawa, zaren ya tsinke, an koma gidan jiya."

Aka tafi da Mamman, aka yi aiki, aka dawo da shi hannu a cikin wata jakar ƙyalle mai maɗauri a wuya. Na bi jirgin kasuwa na je gungunsu gaishe shi. Na tarar da tsakar gida cike, an zo ganin wanda aka yi wa tiyata a birni. Aka ɗaga rigarsa. Mutane suka matso suna neman tabon, ba su ga komai ba sai 'yan ɗigo uku da ba su kai ƙwayar gyaɗa ba, har sun fara bushewa.

Yayansa Nomau, wanda suke tarayya a jirgi, ya duƙa ya duba ya ɗago. "Wanga ne aikin da anka kai shi birni? Wallahi ƙahon wanzami ya fi shi barin tabo."

Aka yi dariya. Wata tsohuwa ta ce ita da aka ciro mata ɗa an tsaga ta daga cibiya har mara, kuma kafin suna ta miƙe. Wani ya ce ƙila barci kawai suka sa shi suka tashe shi. Ba mugunta ba ce. A wurinmu girman ciwo da girman tabo ake auna shi. Wanda aka tsaga ya ga jini, a kawo masa kunu a ce ya kwanta. Wanda fatarsa ta rufe kuwa ya warke, in ya zauna raggo ne. Na yi musu bayanin zare da naman da ke ciki, suka ce to Malam, amma na ga maganar ba ta shiga ba.

Shekarar kuma ta zo da wuya. Ruwa ya yi yawa ya cinye shinkafar fadama tun ba ta yi ido ba. Kainuwa ta sauko daga sama ta shimfiɗe a kan tafki, kore shar har iyakar gani, kyakkyawa ga mai kallo daga tudu, masifa ga mai taru. Kifi ya yi wuyar samu. A irin wannan shekara gidan da ke da gwanin jifa a zaune, kowa na kallonsa.

Ba a daɗe ba sai ga Hajo a ƙofar gidana ranar kasuwa, da jaririyarsu goye a baya. Ta durƙusa daga gefe ta gaishe ni tana murza bakin mayafi.

"Lafiya, Hajo? Yaya mai jiki?"

"Jiya na ishe shi ya tuɓe jakar nan yana taya Yaya Nomau jan jirgi. Na yi magana, ya ce shi ya gaji da ana ce mishi amarya ta biyu." Ta ɗago kai. "Malam, jakar asibiti kowa na iya cire ta. Ka ɗaure shi da kara. Naka ba mai kwancewa."

Gaskiya ta faɗa. A duk bakin kogin nan, daga Shanga har Wara, in maɗori ya yi bisimilla ya ɗaura kara, wato tsagen tukurwan nan, ba mai taɓa ɗaurin sai shi. Mai ciwo ba ya kwancewa, ubansa ma ba ya kwancewa. Wanda ya kwance ya yi wa sana'a rashin kunya, kuma ba maɗorin da zai sake taɓa shi sai ya zo da manyansa ya nemi gafara. Da yawa sun yi imani hannun da aka kwance ba izini shanyewa yake yi. Mutum na iya ƙin jin likita, amma wannan ba ya ƙetare ta.

Sai dai akwai abin dubawa. Mahaifina bai taɓa ɗora kara a kan lafiyayyen ƙashi ba. Na aika wa Malam Bala da tambaya ta bakin wani direba, amsa ta dawo cewa ba laifi, in dai hannun zai kwanta a ƙirji yadda likita ya ajiye shi, ɗaurin bai matse ba, kuma ina kwancewa lokaci-lokaci in motsa gwiwar hannu da yatsu kada su sandare.

Ranar da na je ɗaura masa, na kira shi gefe tukuna. "Mamman, ba ka da karaya, ni da kai mun sani. Karan nan ba abin da zai yi wa ƙashinka. Zai dai sa a ƙyale ka, kai ma ka ƙyale kanka. In ba ka so, in mayar da kayana kwando."

Ya dubi Hajo da ke bakin murhu tana yi kamar ba ta ji. Ya yi ɗan murmushi. "Shirinku ne ke nan. Ɗaura, Malam."

Na yi shi a tsakar gida, gaban kowa. Na jera tsagen tukurwa daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, na naɗe da farin ƙyalle, na kwantar da hannun a ƙirjinsa na kewaye jikinsa da igiyar rama, na yi addu'a na tofa. Kafin in wanke hannu tsohuwar nan mai tabon ciki ta aiko da kunu. Masu dariya suka dawo suna cewa sannu Mamman, ashe abin babba ne. Nomau kaɗai ya biyo ni bakin ruwa.

"Malam, yaushe za ka kwance shi? Ni kaɗai ba ni iya tuƙi da jifa. Ɗiyan gida na kwana da yunwa."

"Na sani, Nomau. In na kwance shi yau, za ka sami mai jifa na wata guda. In ka yi haƙuri, ka samu na shekara talatin."

Ya ce Allah ya kai mu, ya juya. Bai sake tambaya ba, kuma bai taɓa igiyar ba.

Nauyin gidan sai ya koma kan Hajo. Ɗan abin da Nomau ya kamo ita ke bandarwa, ranar kasuwa ta loda a ƙaramin kwalekwale ta tuƙo zuwa Yelwa, ta haɗo da mijin domin in kwance in motsa hannun in sake ɗaurewa. Nakan tsaya a tashar jirage in hango su tun daga nesa, rana na fasowa ta bayansu ruwan ya yi kamar an zuba narkakken zinariya. Ita a baya da filafili, goyo a bayanta, shi a gaba a zaune da farin ɗauri, kansa a sunkuye don kunya. In jirgin ya taɓa gaɓa sai ta ce, "Ranka ya daɗe, an iso. A kawo doki?" Ya ce, "Ki yi ta yi, kwananki ne." Kowane zuwa ina jin kafaɗar na ƙara zama a ƙarƙashin yatsana. Na fara gaya masa mun kusa.

Abin ya faru wata ranar kasuwa da hantsi, suna tahowa wurina. Yadda su biyun suka ba ni labari, da masu jirgin da suka tsamo su, haka zan faɗa. Tafkin nan da kuke gani dā daji ne da garuruwa, kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna nan tsaye a ƙasa. Masu tuƙi sun san wurarensu, amma a shekarar kainuwa ta rufe kome. Hajo ta kauce wa wani tarin kainuwa, jirgin ya hau kututture, ya kife.

Mamman ɗan ruwa ne, da ƙafafu da hannu ɗaya ma yana iya kai kansa gaɓa. Hajo ma ta iya iyo. Amma zanen goyon ya sha ruwa, saiwar kainuwa ta naɗe mata ƙafa, tana ta ƙoƙarin tura bayanta sama don kan yarinyar ya fito, ita kuwa fuskarta na nutsewa. Mutum biyu ne, hannunsa ɗaya. Ya zaro 'yar wuƙar da masunta ke ratayawa a ƙugu, ya yanke igiyar ramar, karan suka watse a kan ruwa. Ya finciko yarinyar daga zanen ya ɗaga ta sama da hagu, ya miƙa dama ya cafko Hajo ya ja. Ya ce a daidai jan nan ya ji wani abu ya tsinke a ciki, kamar an taka busasshen kara. Bai saki ba. Da hannun da ya fita daga mazauninsa ya riƙe ta har suka kai ga kututturen, suka maƙale a nan har wani jirgin kasuwa ya iso.

Aka kawo su gidana jiƙe sharkaf. Matata ta shigar da Hajo ciki ta ba ta zane, aka yi ta bubbuga bayan yarinyar ta amayar da ruwa, ta tsala kuka. Mamman na zaure ya tallabo dama da hagu, ramin nan ya dawo a kafaɗarsa. Na kwantar da shi, na kama wuyan hannun, ban ko kai ga yi masa hira ba kafaɗar ta faɗa ciki da kanta, sakwaf, ba gardama.

Daga baya Malam Bala ya sa aka duba shi, aka tabbatar ɗinkin ya tafi. Likitocin baƙi sun riga sun koma ƙasarsu, kuma a lokacin ba mai yin irin aikin a kusa da mu. Mamman bai sake jefa birgi ba. Yana nan a tashar jirage yana gyaran taru, in kun je za ku gan shi. Amma ranar, a kan tabarmata, shi ma ya riga ya sani.

"Malam, aikin likita ya tafi ko?"

"Ya tafi, Mamman."

Daga cikin gida ana jin kukan yarinyar yana lafawa, an ba ta nono. Sai Mamman ya yunƙura ya tashi zaune, ya sauko daga tabarma ya durƙusa a ƙasa gabana.

"To saura naka. Na kwance ɗaurinka ba da izininka ba. Manyana ba su kusa, amma in ka ce in koma in zo da su, sai in koma."

Nomau ya iso a daidai lokacin, labari ya same shi a kasuwa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana haki, ya ji maganar, shi ma ya cire hula ya durƙusa kusa da ƙanensa.

Na ce, "Ku tashi. Da ka bar igiyar nan a jikinka, da sai ka nemi wani maɗorin, domin ni ba zan ƙara taɓa ka ba."

Na jawo kwando zan ɗauko sabon kara, sai ya girgiza kai. "A bar karan, Malam. Ba sauran abin da za shi tsare."

Na mayar. Na yage ƙyalle na rataya masa hannun a wuya, sako-sako. Hajo ta fito cikin zanen matata, idanunta jajur, ta tsaya a kansa. Ta miƙo masa yarinyar, ya karɓe ta da hagu.